An rubuto wa jaririn ƙanwata alluran ƙwaƙwalwa, mu saya ko mu dakata?

Tela Yelwa: Slm jama'ar gida. Dan Allah masu aikin asibiti da ke cikinmu ku taimaka min da shawara. Ƙanwata ta haihu ranar Talata da asuba a nan Garwa, namiji, amma naƙudar ta yi tsawo sosai, a gida ta yi ta fama sai da abu ya ƙi sannan aka ɗauko ta. Yaron ya fito bai yi kuka ba, jikinsa ya saki, leɓensa ya yi baƙi-baƙi, sai da suka yi ta matsa masa wannan balan-balan ɗin a hanci da baki kafin ya ja numfashi. Da dare kuma ya fara jijjiga, hannu ɗaya na karkarwa baki na taune-taune. Yanzu yana kwance da oksijen da ƙarin ruwa, an ce ƙwaƙwalwarsa ce ta rasa iska lokacin haihuwa. To wani da ke aiki a wata klinik ya rubuto mana ordonans, takardar sayen magani, daban ban da na asibitin, ya ce su ne masu farfaɗo da ƙwaƙwalwa, Nootropyl da Somazina da wata allura Cerebrolysin. Na zagaya farmasi kuɗin ya kusa sefa 90,000. Mijinta ɗan klando ne, haya yake da moto, tun jiya yake maganar sai da moton, ni ma ina da keken ɗinki ɗaya da zan iya ɗagawa. Mu saya ko yaya?

Goggo Hajja: Innalillahi. Allah ya ba shi lafiya ɗana, Allah ya tashi kafaɗun mai jego

Malam Liman: Allah ya sa kaffara ne, ya raya shi bisa imani. Amin

Adda Sajfam: Wslm Tela. Kafin komai ka hana mijin nan sai da moto yau. Ka tambayar min su abu uku, wane magani aka ba shi da ya fara jijjigar, an auna sugan jininsa, sannan jikinsa da zafi ko babu. Kuma likitan da ke riƙe da yaron ya ga ordonans ɗin nan na biyu?

Tela Yelwa: Adda bai gani ba, mutumin ya ce mu sayo kawai shi zai zo ya yi masa. Na jijjigar Gardenal ne aka sa masa ta jijiya, suga kuma sun ce ya yi ƙasa a daren farko sun gyara. Zafin jiki babu

Adda Sajfam: Alhamdulillah to asibitin sun yi abin da ya dace. Amma wani daga waje ya zo ya tsira wa jariri ɗan kwana kaɗan allura likitansa bai sani ba, wlh kar ku yarda. Bari Dokta ya fito, shi ne ɗan gari a nan

Maman Biyu: Ni dai zan faɗi nawa. Ƴata ta fari haka aka haife ta ba ta yi kuka ba, aka rubuta mana siro ɗin Nootropyl ta sha wata da watanni, yau tana CM1 ita ce ke zuwa ta uku a aji. Ka saya Tela, lafiyar yaro ta fi moto ta fi keke, kuɗi ana samun wasu amma ƙwaƙwalwa ɗaya ce

Mai Farmasi Kuseri: Gsky ordonans irin wannan kusan kullum sai ya shigo min, daga nan Kuseri har daga tsallaken gada. Likitoci da yawa suna rubuta shi

Dokta na Yara: Assalamu alaikum, yanzu na fito daga gard. Tela sannu da ɗawainiya, Allah ya ba ka ladan zumunci. Zan yi dogon bayani ku yi haƙuri.

Idan ƙwaƙwalwa ta rasa iska da jini, cikin ƴan mintuna wasu ƙwayoyinta suke fara mutuwa, wajen minti 4 zuwa 5 in yankewar ta cika. Waɗanda suka mutu a lokacin sun tafi, har yau duniya ba ta da allura ko siro da ke dawo da su, ba a Yawunde ba, ba a Faransa ba, ba a Amurka ba. Amma ɓarnar ba a lokaci ɗaya take ƙarewa ba. Bayan yaro ya samu numfashi akwai ɗan lafawa na kamar awa 6, daga nan sai zagaye na biyu ya taso, ƙwayoyin da suka jigata su fara kasa yin ƙarfin da suke rayuwa da shi, ƙwaƙwalwa ta kumbura, wannan kan ɗauki kwana biyu zuwa uku, shi ya sa jijjigar ɗanku ba a take ta zo ba sai da dare. Kamar gonar gero ce da fari ya buga, wanda ya ƙone ya ƙone, wanda ya yi yaushi shi ake ƙoƙarin ceta. Kuma abin da ke ƙarasa masu yaushin an san shi: jijjiga mai yawa, suga ya faɗi, zazzaɓi, numfashi ya sake taɓuwa, hawan jinin yaro ya yi ƙasa, ko ƙwayar cuta ta shiga jini. Duk maganin da ke da amfani a kwanakin nan a kan waɗannan yake aiki.

Magungunan ordonans ɗinka guda uku kuwa, babu ɗaya a cikinsu da ke cikin ƙa'idar jinyar jaririn da ya shaƙe wajen haihuwa, ko ta hukumar lafiya ta duniya ko ta ƙungiyoyin likitocin jarirai. Somazina sunan maganin citicoline ne, an gwada shi a manya masu shanyewar ɓarin jiki su 2,298 a Sifen da Fotugal da Jamus, sakamakon ya fito 2012, waɗanda suka sha da waɗanda aka ba na bogi duk ɗaya suka fito. Cerebrolysin daga ƙwaƙwalwar alade ake tace shi, da aka tattara gwaje-gwajensa a manya ba a ga ya rage mutuwa ba, har ma an ga alamar ƙarin matsaloli masu tsanani a waɗanda aka yi wa. Nootropyl shi ne piracetam, tsohon magani ne tun shekarun 1960, hukumar magunguna ta Amurka ba ta taɓa amincewa da shi a matsayin maganin wata cuta ba. Ni da ɗan ƙanwata ne ba zan sayi ko ɗaya ba.

Malam Liman: Subhanallah, na alade kuma?

Dokta na Yara: E Malam, a takardar cikin kwalin ma an rubuta. Amma ko da na rago ne maganar ba ta canja ba, amfaninsa ne ba a tabbatar ba

Maman Biyu: Dokta da girmanka amma ni na gani da idona fa. Yarinyar da ba ta yi kuka ba yau tana karatu, za ka ce min maganin bai yi komai ba?

Dokta na Yara: Maman Biyu Allah ya raya miki ita, ban ƙaryata idonki ba. Bari in tambaye ki, ta yi jijjiga? Kwana nawa ta yi kafin ta kama nono?

Maman Biyu: Ba ta yi jijjiga ba, washegari ta kama nono sai dai kuka da firgita

Dokta na Yara: To kin gani. Mu mataki uku muke raba su, tun 1976 ake amfani da wannan rabon. Na farko yaro ido a buɗe, yawan kuka da zabura, ba jijjiga, cikin kwana ɗaya ko biyu ya kama nono. Yawancin waɗannan suna tashi lafiya ko an ba su siro ko ba a ba su ba, ƴarki a nan take. Na biyu yaro ya yi laushi, barci da yawa, tsotso ba ƙarfi, jijjiga kan zo, a nan wasu su warke sarai wasu su fito da matsala. Na uku ba ya motsi ba ya tsotso numfashi ma sai an taimaka, wannan kam mai nauyi ne. Ƙwaƙwalwar jariri tana da baiwar da ta manya ba ta da ita, sashen da ya tsira yakan ɗauki aikin wanda ya lalace yayin da yaro ke girma, to duk siron da ake ba shi a watannin nan shi ke kwashe yabon. Abin da ke damuna shi ne uwar da ɗanta ke mataki na uku, ta sai da tunkiya da ƴan kunne ta sayi kwalba bayan kwalba, yaro bai zauna ba, sai ta koma zargin kanta wai ko don ta tsallake wata ɗaya ba ta saya ba ne. Na ga hawayen nan ba sau ɗaya ba.

Maman Biyu: Hmm. Ni dai na ga amfaninsa, amma na ji bayaninka

Hamma na Liyon: Sannunku. Ni a sashen jarirai nake aiki a nan Faransa, a nan yaro irin wannan sanyaya shi ake yi. Ana kwantar da shi kan wata katifa mai ruwa a ciki da na'ura ke juyawa, a sauke zafin jikinsa zuwa 33.5 na tsawon awa 72, sannan a ɗumama shi a hankali. Amma sai an fara kafin ya cika awa 6 da haihuwa kuma cikin ya kai sati 36. Shi ne kaɗai abin da aka tabbatar yana kare ƙwaƙwalwar jaririn da ya shaƙe wajen haihuwa, cikin jarirai 7 ko 8 da aka yi wa, ɗaya kan tsira daga mutuwa ko naƙasa mai tsanani ta dalilinsa

Direba Njamena: To in sanyi ne ai da sauƙi, a samo glas, wato ƙanƙara, a naɗe a tsumma a jera masa, ko a kunna klim

Adda Sajfam: A'A DAN ALLAH. Kar wanda ya karanta wannan ya je ya gwada. Admin ka taimaka. Jariri ba ya iya riƙe ɗuminsa, ka sa masa ƙanƙara zafinsa ya faɗi ƙasa da yadda ake so zuciya ta rikice jini ya ƙi daskarewa ka kashe shi da hannunka. A Marwa lokacin sanyi yaran da sanyi kawai ya kama muke fama da su

Admin: An ji Adda. Direba da niyyar alheri ya faɗa amma kar kowa ya yi

Dokta na Yara: Hamma gaskiya ya faɗa game da can, amma akwai ƙarin da ya kamata mu a nan mu sani. An gwada sanyayawar nan da na'ura ta gaske a manyan asibitoci 7 na Indiya da Siri Lanka da Bangaladash, jarirai 408, sakamako ya fito 2021. Ba ta rage jimillar waɗanda suka rasu ko suka naƙasa ba, mutuwa ma ƙaruwa ta yi, kashi 42 cikin ɗari na waɗanda aka sanyaya suka rasu, waɗanda ba a sanyaya ba kashi 31. Masu binciken suna ganin a ƙasashe irin namu yaro kan daɗe yana wahala a ciki kafin ya fito, ga ƙarancin nauyi, wani kuma daga nesa aka kawo shi, to ɓarnar ta riga ta yi nisa. In asibitin da ke da na'ura da wuta tsayayya haka ta kasance, ina ga ɗakin da wuta ke ɗaukewa da tsakar dare. Kuma ɗan Tela ya wuce awa 6 tuni, wannan ƙofar ta rufe. Abin da muke yi a nan shi ne kar jikinsa ya yi zafi kar kuma ya yi sanyi, tsakanin 36.5 da 37.5. Wannan na faɗa ne saboda masu naɗe jariri da bargo uku da hula su ajiye kaskon wuta a gefe, ga yaron da ya shaƙe zafi dafi ne

Hamma na Liyon: Haka ne Dokta. Ko maganin ƙarin jinin nan EPO da aka daɗe ana sa rai da shi, a Amurka an gwada shi kan jarirai 500 tare da sanyayawar, a 2022 aka fitar, bai ƙara komai ba sai ma matsalolin da suka fi yawa a waɗanda aka yi wa. Ana kan gwada melatonin da allopurinol amma ba su zama magani ba tukuna. To in masu kuɗin duniya suna nema ba su samu ba, ya za a ce yana cikin jakar wani a Garwa

Goggo Hajja: Dokta ni tambayata kan Gardenal ɗin nan ne. Jikana an ba shi ya koma barci kawai ba ya ko buɗe ido, mutane suna cewa shi ke dakusar da yara. Ba gara a bar shi ba?

Dokta na Yara: Goggo barcin gaskiya ne, yana sa barci musamman kwanakin farko, kuma in ya yi yawa yana iya danne numfashi shi ya sa a asibiti ake fara shi ana kallon yaro, da nauyinsa ake lissafawa. Amma a cikin duk abin da aka lissafa a zauren nan shi ne maganin gaske. Jijjiga kanta tana cin ƙwaƙwalwa, ta jarirai kuma ɓoyayyiya ce, wani lokaci ƙifta ido ne kawai ko tsotson baki ko ƙafa na juyawa kamar mai tuƙa keke ko numfashi ya tsaya na ɗan lokaci. An kwatanta Gardenal da sabon magani mai tsada Keppra a jarirai, a 2020 aka buga, Gardenal ya tsayar da jijjiga a kashi 80 cikin ɗari, Keppra kashi 28. Mai arhan ne ya yi nasara. Dakushewar da mutane ke gani yawanci ta raunin da aka samu wajen haihuwa ce, sai a ɗora wa maganin. Amma kuma ba maganin har abada ba ne, jarirai da yawa in jijjigar ta tsaya ana cire musu shi tun kafin a sallame su, ba a son yaro ya yi ta sha wata da watanni ba dalili. Likita ne zai cire, kar uwa ta wayi gari ta daina don maƙwabciya ta ce

Mai Farmasi Kuseri: Kuma dan Allah a farmasi za a saya. Na tebur da na su dokta Shuku masu tallan magani a titi ya sha rana ya sha ƙura, wani ma alli ne aka matse. Maganin jijjiga ba abin ciniki a bakin titi ba ne

Direba Njamena: Kai da kake sai da Nootropyl ɗin kuma fa lol

Mai Farmasi Kuseri: Ina sai da shi Direba, in likita ya sa hannu ba ni da ikon hanawa. Amma wanda ya ce min kuɗinsa ba za su kai duka ba, ina nuna masa wanda zai fara ɗauka, na jijjiga da antibiyotik, sauran ya koma ya tambayi likita

Malam Liman: Dokta mu namu ɓangaren fa, an saba a yi wa jariri rubutu a ɗiga masa, da ɗan zamzam da dabino

Adda Sajfam: Malam a gafarce ni in riga Dokta. Addu'a da tofi a yi ta yi, a tsaya a kansa a karanta, mu kanmu muna so. Amma yaron da bai iya tsotso ba bai iya haɗiya ba, duk abin da aka ɗiga masa a baki huhu yake tafiya, rubutu ne ko zamzam ne ko madara. Na karɓi yara da suka tsallake shaƙewar haihuwa sannan cokali ɗaya na ruwa ya mai da su oksijen. Nonon uwarsa ma ta siririn tiyo ake zura masa ta hanci har sai ya iya. Hayaƙin turare ma a ɗaga masa. In uwar ce za ta sha rubutun bismillah

Malam Liman: Madalla, wannan ba ta saɓa wa komai ba. Zan faɗa wa mutanena

Tela Yelwa: Na gode ƙwarai jama'a, useko. Na kai wa likitan ordonans ɗin ya ce a ajiye shi. To Dokta kuɗin da muka fara haɗawa me ya fi dacewa mu yi da su? Kuma yaushe za mu san ko yaron zai tashi lafiya, uwar ba ta barci sai tambayata take

Dokta na Yara: Ka riƙe su, gaba suna da aiki. Yanzu dai kwanan asibiti da oksijen da gwajin jini, da abincin mai jego don ta samu ruwan nono, ta riƙa tatsa duk bayan awa 2 zuwa 3 ko yaron bai sha ba don kar ya ƙafe. Alamar da muke kallo a satin farko ita ce tsotso, yaron da ya dawo ya kama nono da kansa jikinsa ya yi ƙarfi kafin sati ya cika yawanci labarinsa mai daɗi ne. In ya wuce haka ba a yanke ƙauna amma a sa ido. Bayan sallama a riƙa kawo shi randevu, a duba riƙe wuya wajen wata 3 zuwa 4, zama wajen wata 6 zuwa 9, a auna girman kansa da tef duk zuwa, a gwada ji da gani. In an ga jiki na sanƙarewa ko hannu ɗaya kullum a dunƙule sai a fara kine, wato gashi da motsa gaɓoɓi, da wuri ba sai ya shekara biyu ba. Ka gaya wa ƙanwarka ba wanda zai iya yanke mata hukunci yau, kuma ba laifinta ba ne

Inna Gidar: Ni ban cika magana a nan ba amma wannan tawa ce. Ɗana shekararsa 7, shi mai nauyin ne ya same shi, ba ya tafiya. Shekarun farko ba irin siro da ampul da ban saya ba, da na ji an ce wani sabo ya fito sai in ɗaga wani abu in sayar, har akuyar da uwata ta ba ni. Abin da ya canja mana rayuwa ba ya cikin kwalba. Wata mai kine ce ta koya min yadda zan zaunar da shi in tallafe haɓarsa in ba shi kunu mai kauri da ƙaramin cokali ba ya shaƙewa, kafin nan kowane wata sai ciwon huhu ya kwantar da shi. Kafinta ya yi masa kujera mai maɗauri da katako, yanzu a tsakar gida yake wuni cikin yara yana dariya in an kira sunansa. Magani biyu yake sha, na farfaɗiya da baclofen na sassauta jijiyoyi don ƙafafun suna harɗewa in zan yi masa tsarki, su ma ba warkarwa suke ba sauƙi suke kawowa kuma na gode Allah da sauƙin. Abin da ya fi min ciwo ba jinyar ba ce, bakin mutane ne, har cikin dangi aka ce ɗan ruwa ne a kai shi bakin kogi a ajiye. Yaron da na kwana biyu ina naƙudarsa. Tela ka tsaya wa ƙanwarka a wannan wajen, ko me Allah ya yi

Goggo Hajja: Allah sarki ƴata. Allah ya ba ki aljanna da shi

Adda Sajfam: Inna kin sa ni hawaye. Kuma ku bar ni in yi faɗan da na saba, tunda mazan gidan nan suna karantawa. Rabin yaran nan da za a kawo uwayensu da wuri da ba mu kai ga zancen magani ba. Mace ta kwana ta wuni tana naƙuda ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa ya ba da izini, ko a kira wani mai allura na unguwa ya yi mata allurar naƙuda a ɗaki, ko a ba ta ƙwayar Cytotec ko jiƙo wai ya yi sauri. Oksitosin in an yi shi ba awo mahaifa matsewa take ba ta saki, a duk matsewa jinin da ke zuwa wa yaro raguwa yake, sai a saki ne yake samun iska, to in ba sakin fa? Ga shek sante, takardar tallafin jinyar masu ciki, nan a jihohinmu uku na arewa, sefa 6,000, awo da eko da haihuwa har tiyata in ta kama, da kulawar uwa da jariri zuwa kwana 42. Ku kwatanta da 90,000 ɗin Tela. Sannan minti na farko bayan haihuwa, a goge yaro a shafa bayansa, in bai yi numfashi ba a sa masa balan-balan kafin minti ɗaya ya cika, iskar ɗaki ma ta isa a fara da ita. A Tanzaniya da aka koyar da wannan a asibitoci 8 mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin ɗari. Ba riƙe yaro a ƙafa a zazzage shi ba, ba watsa masa ruwan sanyi ko alkol ba

Dokta na Yara: In ƙara kan ta Adda, akwai magani ɗaya da aka tabbatar yana kare ƙwaƙwalwar yaro amma uwa ake yi wa ba shi ba, magnesium sulfate, wanda kuka sani na jijjigar masu ciki. In haihuwa ta taso kafin sati 32 ana yi mata shi, yana rage shanyewar jiki a bakwaini, hukumar lafiya ta duniya ta sa shi a ƙa'idarta tun 2015. Yana da arha, amma sai mace tana asibiti kafin yaron ya fito

Direba Njamena: Dokta tunda kana nan bari in shigo da tawa, ta babba ce. Yayana ne a nan Njamena, lokacin zafin nan wuta ta ɗauke suka shigar da grup, wato janareta, cikin koridor saboda ɓarayi suka rufe ƙofa, da safe aka same shi a sume. Ya farfaɗo a asibiti har ya koma shago, bayan kamar sati uku sai ya fara mantuwa, tafiya ta canja, yanzu ba ya magana sosai sai kallo, in ya kai hannu zai ɗauki kofi sai hannun ya fizge. Wani ya turo min bidiyo wai maganin barci Stilnox yana tada irinsu, gaskiya ne?

Dokta na Yara: Allah ya ba shi lafiya. Hayaƙin grup da na gawayi a rufaffen ɗaki akwai iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kama jini fiye da oksijen sau 200 da wani abu, to jini na zagayawa amma ba ya ɗauke da iska. Maganinta na take shi ne oksijen zalla da mask, a iskar ɗaki sai awa 4 zuwa 6 kafin rabinta ya fita daga jini, da oksijen kuwa awa ɗaya da ɗan kai. Ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa ma ruɗar mutum yake ya nuna komai lafiya. Abin da ya samu yayanka sananne ne, mutum ya warke sannan bayan kwanaki ko makonni, har zuwa kwana 40, matsalar ta dawo. Labari mai daɗi shi ne da yawa daga cikin masu wannan suna samun sauƙi sosai cikin shekara.

Zancen Stilnox yana da asali, a Afirka ta Kudu aka fara lura da shi a 1999, wani saurayi da ya yi shekaru ba ya cikin hayyacinsa aka ba shi sai ya yi magana. Amma da aka gwada shi a Amurka kan mutum 84 irin waɗannan, 4 ne kawai suka nuna canji, shi ma na ƴan awanni ne in maganin ya sake su sai su koma. Kuma wannan na waɗanda ba sa cikin hayyacinsu ne, yayanka a farke yake, ka ba shi maganin barci yana tangaɗi faɗuwa zai yi ko ya shaƙe da abinci. Akwai amantadine ma da ake ambata, shi a kan masu raunin kai na haɗari aka tabbatar da shi, mutum 184 a 2012, ba na rashin iska ba, likitan ƙwaƙwalwa yakan gwada shi ga wasu amma shi zai yanke

Direba Njamena: To fizgar hannun fa, ita ce ta fi damun matarsa don ba ya iya cin abinci da kansa

Dokta na Yara: Wannan kam tana iya samun magani, in irin fizgar da ke biyo bayan rashin iska ce ana ba da Rivotril ko Depakine ko Keppra, in kuma taurin jiki ne da jan ƙafa irin na masu karkarwar tsufa maganin daban ne, sai an gan shi za a bambance. Ba zan rubuta adadi a nan ba. Ku nemi likitan ƙwaƙwalwa a nan Njamena, ku tafi da karne ɗinsa, littafin asibiti, na kwanciyar farko da duk kwalayen da yake sha, ka ɗauki bidiyon hannun lokacin da yake kai wa kofi don a gaban likita wani lokaci ba ya yi. Su wa suka kwana a gidan tare da shi daren?

Direba Njamena: Matarsa da yara biyu, su ciwon kai da amai kawai suka yi

Dokta na Yara: Su ma a kai su a duba, musamman in ɗan makaranta ya fara mantuwa ko halinsa ya canja. Grup ɗin kuma yau ɗin nan ya koma waje nesa da taga, a sa masa sarƙa da kwaɗo